Gutenberg, amma kafin shi akwai mai takarda

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Gutenberg ne ya fi kowa canza tarihin ilimi da na'urarsa ta buga littattafai. Ba na raina aikinsa ko kaɗan, amma ni sunan da nake fara kawowa shi ne Cai Lun, ma'aikacin fadar sarkin Sin a zamanin daular Han.

A shekara ta 105 Miladiyya ya gabatar wa sarki hanyar yin takarda. Kayan haɗin kuwa abin da ake zubarwa ne: ɓawon itace, tsummoki da tsofaffin tarun kamun kifi. A jiƙa su, a daka har su yi laushi, a ɗebo da rariya, a shanya. Kafin nan, a Sin yawanci ana rubutu ne a kan gora mai nauyi ko siliki mai tsada. Wannan kaɗai yana taɓa zuciyata, a ce tsumma ne ya sauƙaƙa wa talaka ilimi.

Daga Sin sana'ar ta kai birnin Samarkand da ke Uzbekistan ta yau, sannan Bagadaza a zamanin Halifa Haruna Rashid, inda kasuwar masu kwafar littattafai ta bunƙasa. Ta Andalus, wato yankin Spain da Musulmi suka mulka, ta shiga Turai.

To, lokacin da Gutenberg ya buga Littafi Mai Tsarki a birnin Mainz na Jamus wajen 1455, yawancin kwafin a kan takarda ya buga su, kaɗan ne kawai a kan fatar dabba. Ita fatar, littafi guda sai ya cinye fatun garke guda.