Filashina yana farawa da gudu sai ya koma tafiyar hawainiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Na sayi filashi mai giga 64, a jikin kwalinsa an rubuta 150MB/s, amma duk sanda zan kwafe hotuna daga laftof zuwa cikinsa sai ya fara da gudu wajen 80, can sai ya faɗo 5 ko 6, wani lokacin ma ya tsaya cak a sifili. Hotunan sun kai dubu tara. An ce min bairos ne in yi fomat, na yi har sau biyu ba abin da ya canza. Ko dai jabu aka sayar min? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Da farko dai ki bar fomat ɗin nan haka, filashin bai yi miki laifin komai ba, kuma ban ga alamar bairos a bayaninki ba.

Wancan 150 da kika gani a kwali kusan kullum gudun karantawa ne, wato fito da abu daga filashi zuwa kwamfuta. Gudun zuba abu a ciki daban ne, kuma kamfanoni da yawa ba sa son rubuta shi don ya yi ƙasa sosai, in ma sun rubuta sai kin sa tabarau. Shi kuma farawa da gudu a faɗo daga baya, dalilinsa shi ne da kwamfutar da filashin kowanne yana da ɗan wurin ajiya na wucin gadi mai sauri, nan ake fara jibge kayan, da ya cika sai ainihin ƙarfin filashin ya bayyana, to wannan 6 ɗin shi ne gaskiyarsa, 80 ɗin kwalliya ce. Zafi ma yana ƙarawa, ki taɓa shi bayan minti goma yana aiki, musamman ƙananan nan masu jikin ƙarfe, in ya yi zafi da kansa yake rage gudu.

Amma ni inda na fi zargi shi ne hotunan dubu tara. Kowane fayil guda sai an buɗe masa wuri, a rubuta sunansa da girmansa a rajista, a rufe, sannan a ɗauko na gaba, kamar mai kwashe buhun gero da cokali ne. Tsayawar da kike gani a sifili tana iya faruwa a nan. Ki gwada wannan: ki ɗauki bidiyo guda mai giga 2 ki tura ki ga lambar da zai tsaya a kai. In ya fi na hotunan nesa ba kusa ba to kin kama ɓarawon, sai ki dunƙule hotunan su zama fayil ɗin zip guda ki tura. Sai dai fa in filashin yana kan tsarin fomat na FAT32 ba zai karɓi fayil da ya wuce giga 4 ba, a nan ne kawai fomat zai yi amfani, ki mayar da shi tsarin exFAT bayan kin kwashe kayanki.

Sai ramin da kike soka shi. USB 2.0 da ya fito a 2000 a aikace da ƙyar yake wuce 35MB/s, shi kuma 3.0 na 2008 ya ninka shi sosai, galibi harshen cikinsa shuɗi ne ko a ga SS a gefe. Tunda kin ga 80 wataƙila ramin naki lafiya lau ne, amma dai ki soka shi kai tsaye, ban da hob (abin da ke raba rami ɗaya zuwa ramuka da yawa) ko doguwar waya.

Akwai wani saiti a Windows, tun Windows 10 sigar 1809 suka bar shi a Quick removal. Ki shiga Device Manager, Disk drives, ki danna filashin sau biyu, Policies, ki zaɓi Better performance. Yana ɗan taimakawa, ba wani abin a zo a gani ba, kuma daga ranar dole ki riƙa yin Eject kafin ki zare, in ba haka ba wata rana hotuna su lalace ki zo kina nemana.

Maganar jabu kuwa ba a gane ta da ido. Ki sauke manhajar gwajin filashi mai suna H2testw, kyauta ce, ki bar filashin fanko ta cika shi ta sake karantawa, zai ɗauki awanni da irin gudun nan naki don haka ki sa shi da dare. In ta ce giga 8 ne kawai na gaske sauran ƙarya, kar ki ƙara ajiye ko hoto ɗaya a ciki, ki mayar wa wanda ya sayar miki. In kuma 64 ɗin ya cika to filashinki na gaske ne, rago ne kawai, na gaba ki nemi wanda aka rubuta gudun zubawarsa ƙarara, ko SSD na waje (ma'ajiya mai saurin da ya fi na filashi) in kwafe kaya masu yawa aikinki ne na kullum.