Amsa ga ɗan'uwan da makunnin jitarsa ke ƙara

Sannu ɗan'uwa. Ka ce jitar bas ɗinka mai batir ce, in ka taɓa makunnin canza murya sai sifika ta yi "ɓas", in ka murɗa bolum kuma sai ƙaraf-ƙaraf, har wani ya ce ka kwashe kayan cikinta duka ka zuba sababbi. Riƙe kuɗinka tukuna. Na daɗe ina buɗe cikin jita, tawa da ta abokan kiɗa, kuma abin da ka lissafa cuta biyu ce, kowacce da maganinta.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ari wata wayar haɗa jita da amfilifaya ka gwada, ka kuma auna batirin. Bolt 9 ne. In mita ta nuna ya sauka ƙasa da 8, canza shi. Yawancin jitoci masu batir, cusa waya a jak, wato ramin da waya ke shiga, shi ne kunna su, don haka wanda ke barin waya a jiki har gari ya waye, batirinsa yake ci.

Ƙaraf-ƙaraf ɗin bolum shi ne mai sauƙi. A cikinsa akwai wani siririn layi na baƙin kabon da ɗan harshen ƙarfe ke goga. Ƙurar hunturu da gumin hannu su ke taruwa a wurin, harshen ya riƙa tsalle. Nemi feshin wanke kayan lantarki irin na masu gyaran rediyo, in ka sami mai suna DeoxIT ma ya fi. Fesa kaɗan ta ɗan ramin da ke kusa da ƙafafunsa uku da ake liƙa wa wayoyi, ka murɗa daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau talatin, ka bar shi ya bushe. Don Allah ban da WD-40 na gama-gari, ban da fetur ko kananzir. Yau zai yi shiru, amma maiƙon da ya bari shi zai kama ƙurar gobe. In ƙarar ta dawo bayan mako guda, layin ya cinye, sai sabo. Ɗauki hoton wayoyin kafin ka cire, ka tafi kasuwa da tsohon a hannunka, domin lambar da ke bayansa ita ce magana. Jitocin Precision da Jazz Bass na kamfanin Fender marasa batir bolum mai lamba 250k suke amfani da shi, amma na kayan sautin kamfanin EMG masu batir 25k ne. Mai shago zai ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

"Ɓas" ɗin makunni kuwa, a nan mutane suka fi ɓarnar feshi. In datti ne, za ka ji ƙarar tana karce, wani lokaci murya ta ɗauke sai ka girgiza makunnin ta dawo. Wannan wanki yake so. Amma in ƙara ɗaya ce tak, mai tsabta, duk sanda ka kunna ko ka kashe, to ko ka ƙarar da gwangwanin feshin ba za ta tafi ba. Abin da ke faruwa shi ne, makunnin yana shigar da kafasita, wato ɗan abin da ke riƙe wuta, cikin hanyar sauti yana fitar da ita. Lokacin da take waje ƙafarta ɗaya a sake take, sai ta riƙe 'yar wuta, da an haɗa ta sai ta juye ta gaba ɗaya, amfilifaya kuma ta ɗaga ta. Maganin rizista ce babba, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai lamba daga 1M zuwa 10M, a liƙa ta daga ƙafar da ke sake zuwa wayar at (earth), ko tsakanin bakunan makunnin biyu, ta riƙa tsiyaye wutar a hankali. Saboda girmanta kunnenka ba zai ji ta taɓa murya ba. Ba sabuwar dabara ba ce, kamfanin jita na Gibson sun sa irinta a makunnin canza murya mai suna Varitone da suka fitar a 1959.

Tunda taka mai batir ce kuma ƙararrakin biyu sun haɗu, ni zargina ya fi karkata ga wani wuri. Cusa waya a jitar, sa mita a DC, ka auna ɗaya bakin wayar. Ya kamata ka ga sifili ko dab da shi. In ka ga wuta tsaye, kafasitar da ke bakin fita daga firiyam, wato ɗan allon ƙara ƙarfin sauti da batirin ke kunnawa, tana yoyo, kuma wutar nan in ta bi ta kan bolum, ko sabo fil ne sai ya yi ƙaraf-ƙaraf. Canza ta da mai lamba iri ɗaya, ka lura da ƙafar da ke da alamar ragi, kar ka juya ta. Kuɗinta bai kai na tsirkiya ɗaya ba.

Gurnanin da ba ya tsayawa, wanda ke raguwa in ka ɗora hannu a kan tsirkiya, wannan zancen at ne da rufin cikin ramin da kayan lantarkin jitar suke, kuma janaretan wurin biki kan ƙara masa. Ba laifin makunni ba ne.

Wajen liƙi, bari ƙarfen ya yi zafi sosai ka taɓa ka ɗaga. Ƙarfe mai ɗumi-ɗumi da aka daɗe ana dannawa a bayan bolum shi ke dafa cikinsa. In hannunka bai saba da dalma ba, kai wa mai gyaran rediyo, ka tsaya a kansa ka nuna masa wuraren nan. Kafin nan, rage muryar amfilifaya duk sanda za ka taɓa makunnin, don sifikar mutane. In ka auna, faɗo mana abin da mita ta nuna da sunan jitar, sai mu san lambar kafasitar da za ka nema.