Kalmar "membranes" da kika yi ta cin karo da ita

Ƙanwata, na ga saƙonki cewa kina shirin jarrabawar OET, ta Turanci ga ma'aikatan lafiya, don zuwa aikin ungozoma a Ingila, kuma wannan kalma ta addabe ki. Ma'anarta tantani, irin siririyar fatar nan da ke lulluɓe wani abu a jiki. Daga Latin ta fito, "membrana", fatar da ake jemewa a yi rubutu a kai, ita kuma daga "membrum", wato gaɓa. Tushensu ɗaya da "mamba" da muke cewa a ƙungiya. Ta shigo Turanci a ƙarni na 15. Ba mai tambayarki wannan a jarrabawa, don dai ta zauna miki ne.

A ɗakin haihuwa kuwa, in kika ji ta da "s" a ƙarshe, faya ake nufi. Tantani biyu ne suke riƙe da ruwan da jariri ke ciki, amniyon daga ciki, koriyon daga waje. A takarda za ki ga SROM in faya ta fashe da kanta, ARM in mu muka fasa ta. In ta fashe kafin mako 37, wannan sai a kira likita. Daga mako 39 ana yi wa mai ciki tayin "sweep": ki sa yatsa a bakin mahaifa ki zagaya, ki raba tantanin da bangonta don naƙuda ta taso. Tayi na ce. Nan sai kin yi bayani ta amince kafin ki taɓa ta, ba irin na "Hajiya kwanta in duba" ba.

Bayan haihuwa sai ki baza mabiyiya a tire, ki ɗaga tantanin ki duba ko ya fito cif. Guntun da ya maƙale yana iya jawo zubar jini da zazzaɓi.

Amma kada ki yi wa mai naƙuda wannan Turancin. Su "waters" suke cewa, ruwa kawai, kuma a ɓangaren magana na OET ana duba ko kina iya sauko da harshe daidai mai jinya. Hukumar NMC, mai yi wa nas-nas da ungozomomi rajista a Birtaniya, tana neman makin B a magana, sauraro da karatu, C+ a rubutu, saboda haka ki samu ƙawa ta zama mai ciki ki riƙa gwadawa da baki.