Me ya sa hirarmu ta maltikas take mutuwa bayan minti huɗu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na haɗa wa ofishinmu ƙaramar manhajar hira a kan maltikas (tura saƙo ɗaya ga rukunin kwamfutoci a lokaci guda), irin tsarin hirar intanet na da da ake kira IRC. Tana fara aiki lafiya lau, amma bayan minti huɗu da 'yan kai sai saƙo ya daina isa. Hankalina ya tashi, don ta nan muke tura bayanan albashi. Wanda ya ja mana waya ya ce babu mai ganin saƙon sai 'yan rukuni. Ina saƙonnin suke tafiya?

Amsa: Ɗan'uwa, bari in fara da gyara. IRC da Jarkko Oikarinen ya rubuta a Jami'ar Oulu ta ƙasar Finland a 1988 bai hau kan maltikas ba. TCP yake bi, wato haɗi kai tsaye tsakanin na'ura biyu, sabobi (kwamfutocin da ke rarraba hirar) na riƙe da juna kamar rassan bishiya, shi ya sa in mahaɗa ɗaya ta tsinke sai ɗakin hira ya rabu gida biyu. Naka kuwa UDP ne, wato jefa saƙo ba tare da ƙulla haɗi ba, bisa tsarin maltikas da Steve Deering ya rubuta a takardar ƙa'idar intanet RFC 1112, 1989.

Ciwonka sananne ne. An kunna leƙen IGMP a suwic ɗinku (na'urar da wayoyin kwamfutocin ofis ke haɗuwa a cikinta), wato yana sauraron saƙonnin "na shiga rukuni" don ya san wa zai kai wa saƙo, amma babu na'urar da ke kiran suna, wato mai tambayar IGMP. A ƙa'ida ana tambayar 'yan rukuni duk daƙiƙa 125, wanda ba a ji duriyarsa ba cikin daƙiƙa 260 sai suwic ya goge shi. Minti huɗu da daƙiƙa 20 ke nan. Saƙonnin a suwic suke mutuwa. Kunna mai tambayar IGMP a rauta ko suwic guda a wannan VLAN (sashen layin da kwamfutocinku suke), ka zaɓi adireshin rukuni da ya fara da 239, ka bar TTL a 1 don kada saƙon ya tsallake rauta.

Maganar mai jan wayar nan ce ta fi damuna, kuma kullum sai an maimaita ta. Rukunin maltikas ba shi da ƙofa balle kwaɗo. Duk kwamfutar da ke kan layin za ta iya cewa "na shiga", babu kalmar sirri, babu mai tambayar ta ko wace ce, mai aikawa ma bai san adadin masu saurare ba. Ɗan koyon aiki da Wireshark, manhajar leƙen saƙonnin da ke bin layi, zai karanta albashin oga tsaf yana shan shayi. In suwic ɗin mai araha ne marar leƙe, ko shiga ba ya bukata, saƙon zai fantsama kowace kafa. Adireshin 224.0.0.x haka ake watsa su ko da leƙen. Sannan bit 23 kawai na adireshin IP ke shiga adireshin MAC, wanda katin sadarwa ke dubawa, wato rukuni 32 na cin tuwo a kwano ɗaya: 239.1.1.1 da 224.1.1.1 duk ɗaya ne a wurin katin sadarwa. A Wi-Fi kuwa mabuɗi guda duk masu haɗi suke buɗe maltikas da shi. Kuma tunda UDP ne, kowa na iya ƙirƙirar saƙo da sunan akantan ofis ya ce a canza lambar asusu.

In masu gyaran ganga suka ce kashe leƙen IGMP ne magani, kada ka yarda. Hirar za ta dawo, amma a kunnen kowa. Cire bayanan albashi daga nan yau, ka kafa sabar IRC guda mai TLS (tsarin rufe saƙo da mabuɗi) a tashar 6697, kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa.