Amsar tambayarka kan tafiyar daji ta bakin kogi da layin dogo

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kai da abokanka kuna shirin yawon ƙafa cikin kurmi da bazarar nan, hanyar ta bi gaɓar kogi sannan ta kama gefen layin dogo. Kana tambaya me ya sa manya suke hana taka layin ko da ba a jin motsin jirgi, kuma me ya sa ake tafiya a jere, babba a gaba da sanda. To, ba camfi ba ne.

Layin dogo shi ya fi ruɗin mai tafiya, don ga shi miƙaƙƙe, ba ƙaya ba ciyawa. Amma jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya bayan an kama birki, kuma ba shi da inda zai kauce. Ko direba ya hango ka, abin da zai iya kaɗan ne. Kada ka dogara da kunne. Layin da aka haɗe da walda ba ya ƙarar nan da aka sani, itatuwa da kwana suna shanye sauti, rugugin kogi ya danne saura. Raɓewa a gefen ƙarfen ma bai isa ba, domin jikin tarago yakan zarce ƙarfen da kusan mita ɗaya ta kowane ɓangare, ban da igiya ko waya da ta kwance tana lilo. Ku bar aƙalla mita 5 tsakaninku da shi.

Tsakuwar da ke jibge a layin tana gangarewa ƙarƙashin ƙafa, nan ake samun targaɗe. Wurin canjin layi kuwa ƙarafan kan motsa ba zato su datse ƙafa. In tsallakawa ta kama, a nemi inda aka tanada don haka, a duba dama da hagu, in layi biyu ne a jira, don wani jirgin kan ɓuya bayan na farko. Gadar jirgi kam ko kusa, ina roƙonka. In ya riske ku a tsakiya, babu gefen da za a raɓe.

Kogi kuma yakan cika da ruwan da aka yi can sama, alhali inda kuke rana ake ƙwallawa. In ka ga ruwan ya yi jaja-jaja yana kwaso ganye da ƙirare, ku hau tudu nan take. Ruwa mai ƙarfi ko bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato. A ƙetare ta inda ya yi faɗi ya baje, fuska na kallon inda yake fitowa, sanda a kafe kafin a ɗaga ƙafa, a kuma sassauta igiyar jaka don a iya yar da ita. Gaɓar da ke bayan kwana ruwa ya riga ya rarake ƙarƙashinta, kada a tsaya a bakinta.

Jerin nan da sanda saboda maciji ne. Na gaba yana bugun ciyawa, na baya suna taka sawunsa. In an iske kututture a kwance, a hau kansa a leƙa tukuna, kada a tsallaka a makance. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti.

Ku fita da sanyin safiya, rana na take tsaka kuna inuwa. Kowa ya riƙe ruwan da zai kai rabin lita a kowace awa, na kogi sai an tafasa shi minti ɗaya cur. A sa dogon wando, da an dawo a duba jiki saboda kaska. Kafin ku tashi, ka faɗa wa wani a gida hanyar da za ku bi da lokacin da za ku dawo.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka.