An ce min Linux ba ya kamuwa da bairos, aka kashe min sabuntawa. Yanzu ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da shagon buga takardu da cike-ciken intanet a Kabuga. A 2021 bairos ɗin filash ya addabe ni, sai wani mai gyara ya cire min Windows ya saka Ubuntu 20.04, wani nau'in Linux, a kwamfutar teburina. A ranar ya kashe ofdet, wato sabuntawa, ya ce Linux ba ya kamuwa da komai, ofdet cin data ne kawai, kuma shi ke lalata kwamfuta. Tun lokacin ban taɓa wajen ba. Yanzu wasu shafuka suna cewa Firefox ɗina ya tsufa. Na sauko da wata manhaja mai .deb ta ƙi shiga, tana rubuta min wani abu game da "libc6 (>= 2.34)". Wani ya turo min umarni ta WhatsApp, ya ce in canja abin da ke cikin sources.list komai zai shiga. Wallahi hankalina a tashe yake, don kundin ɗalibai da hotuna da takardun mutane duk suna ciki. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka, babu abin da ya ɓace tukuna. Amma wancan umarnin na WhatsApp, don Allah kada ka buga shi. Abin da zai yi shi ne ya sa kwamfutarka ta riƙa ɗebo kaya daga rumbun wani sabon Ubuntu alhali gindinta na 20.04 ne. Shi libc6 ɗin nan kusan duk manhajar da ke cikin na'urar a kansa take tsaye. Na 20.04 siga ta 2.31 ce, na 22.04 siga ta 2.35, na 24.04 kuma 2.39. Manhajar da ka sauko an gina ta ne don sababbin, shi ya sa ta ƙi. In aka cusa sabon libc6 da ƙarfin tsiya, zai ja ɗaruruwan wasu fayiloli su biyo shi, rabi sabo rabi tsoho, daga nan sai ka kunna ka tarar da baƙin allo. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan.

Abin da za ka fara yi yau, kafin ka rufe shago, shi ne ka kwashe duk fayilolin da ke babban folda ɗinka zuwa faifan ajiya na waje. Idan ka gama, cire shi, ka jona a wata kwamfutar, ka buɗe fayil biyar ko shida ka tabbatar suna buɗewa. Ka danna Ctrl da H a cikin folda ɗin don ɓoyayyun fayiloli su bayyana, ka haɗa da wanda ake kira .mozilla, nan ne Firefox yake ajiye kalmomin sirri da shafukan da ka adana.

To, bari in zo kan maganar mai gyaran nan, don ita ce ta fi ci min rai. Kusan kullum sai na ji ta a bakin wani, daga masu haɗa kwamfuta a kasuwa har ɗaliban da suka karanci fannin a jami'a. Wai Linux ba ya kamuwa, saboda haka sabuntawa asarar data ce. Akwai ƙwayar gaskiya ɗaya a ciki, kuma ita ce ta sa ƙaryar take shiga kunne. Gaskiya ne bairos ɗin nan da ke ɓoye fayilolin filash ya bar maka gajerun hanyoyi, da sauran 'yan'uwansa masu .exe, an rubuta su ne don Windows, ba sa tashi a Ubuntu. Kai ma ka shaida, ka samu sauƙi. Amma daga "wannan cutar ba ta kama shi" zuwa "babu abin da ke kama shi" akwai tafiya mai nisa, kuma mai gyaran ya tsallake ta ne don bai sani ba, ko don ba ya so ka dawo masa da ƙorafi.

Ga abin da ke zaune a kwamfutarka yanzu haka. A watan Janairun 2022, masu bincike na kamfanin Qualys suka bayyana wata ɓaraka a cikin pkexec, wani ɗan ƙaramin shiri da ke zuwa a cikin Ubuntu da kusan duk manyan dangin Linux. Aka sa mata suna PwnKit. Duk wanda ya samu damar tafiyar da wani abu a na'urar, ko da a matsayin ƙaramin mai amfani ne, zai iya zama mai cikakken iko ba tare da kalmar sirri ba. Kuskuren yana nan tun 2009 ba wanda ya lura. Ubuntu ta fitar da facinsa nan take, ɗan mitsitsin fayil ne, bai kai bidiyo ɗaya da ake turawa a WhatsApp ba. Kai da aka rufe wa ƙofar sabuntawa a 2021, bai taɓa iso maka ba. Shekara guda kafin wannan, irin haka ta faru da sudo kansa, shirin da ke ba mai na'ura cikakken iko in ya saka kalmar sirri, kuskuren da ya kwana tun 2011.

Za ka ce ai sai mutum ya fara shigowa. Haka ne, kuma ƙofar shigowar ita ce burauzar da kake wuni a kai. A watan Satumbar 2023 aka gano ɓaraka a libwebp, abin da ke buɗe hotuna nau'in WebP a Firefox da Chrome da wasu manhajoji da yawa. Hoto kawai za a ƙera na musamman a ɗora a shafi, buɗe shafin ya wadatar. Kuma ba hasashe ba ne, lokacin da aka sanar, an riga an ga ana amfani da ita a kan mutane. Firefox ɗin 2021 bai san da wannan gyaran ba. Haɗa biyun ka gani: ɗaya ta shigo da ɓarawo, ɗaya ta miƙa masa makullan gidan duka.

Abin da mutanenmu ba su gane ba shi ne yadda buɗaɗɗiyar manhaja take aiki. Ƙarfinta shi ne kowa na iya duba cikinta, in an ga kuskure a faɗa a fili, a gyara cikin gaggawa, a raba gyaran kyauta. Amma wannan faɗar a fili, ɓarayi ma suna ji. Ranar da aka fitar da faci, ranar ce aka bayyana wa duniya inda raunin yake. Kamar a yi shela a Kantin Kwari ne a ce kwaɗo samfuri kaza yana buɗewa da ƙusa, kowa ya zo ya karɓi sabo kyauta, kai kuma ka ce naka bai taɓa ba ka matsala ba. Wanda ya sabunta ya fi jiya tsaro, wanda ya ƙi ya fi jiya shiga haɗari, ko da bai taɓa komai a na'urarsa ba. Tsaron da ake yabon Linux da shi, a cikin sabuntawar yake. In ka kashe ta, suna kawai ka riƙe.

Kuma kada ka ce ai ba ka ga alamar komai ba. Mai satar kalmar sirrin banki ba ya son kwamfutarka ta yi nauyi ko ta riƙa ƙara. So yake ta yi ta aiki lafiya lau, kana shigar da lambobin katin mutane yana kwafa. Sannan bairos ɗin Windows da bai tashi a wajenka ba yana nan kwance a filash ɗin ɗalibin, kana iya kwafo shi ka zuba wa na gaba ba ka sani ba.

Sai batun cewa sabuntawa na lalata kwamfuta. Na ga waɗanda suka lalace, ba zan musa ba. Amma duk wadda aka kawo min, in na bi sawu, ɗaya daga cikin abu uku nake tararwa: an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ko faifai ya cika maƙil, ko an tara rumbunan waje, su PPA, daga shafukan da ba a san masu su ba. Na farkon ma sau da yawa umarni biyu da ake bugawa a Terminal, tagar rubuta umarni, ke warware shi, `sudo dpkg --configure -a` sannan `sudo apt --fix-broken install`. Mai gyaran da bai san waɗannan biyun ba, maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta, fomatin. Shi ya sa ya gwammace ya kashe maka sabuntawa, ya karɓi kuɗinsa, ya bar ka da haɗarin da ba ka gani. Batun data kuwa, apt, shirin da ke sauko da manhajoji da sabuntawa, ba ya yi maka kwanton ɓauna. In kai ka buga umarnin sabuntawa, kafin ya sauko da komai zai rubuta "Need to get" da adadin, ya jira amincewarka. Wanda yake sabuntawa duk mako, abin da zai sauko kaɗan ne. Taruwar shekaru ce take zama kaya.

Ni abin da ya fi damuna ba kwamfutar ba ce, Malam. Takardun da ke cikinta ba naka ba ne. Yarinyar da ta miƙo maka takardar NIN ɗinta ka yi mata sikanin, dattijon da ya karanto maka BVN ɗinsa don ka cike masa fom ɗin fansho, ɗalibin da ya bar kundin shekararsa ta ƙarshe a hannunka, amana suka ba ka. Ba su san libwebp ba, ba kuma dole ne su sani ba. Yarda suka yi da kai. Tun 2023 ma akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, amma ko babu doka, mun san hukuncin wanda aka ba ajiya ya yi sakaci da ita. A da ba ka sani ba, an ɓatar da kai ne, ba laifinka ba ne. Yanzu ka sani. Ku kuma masu gyara da ke karanta wannan, ku ji tsoron Allah. In ba ka san abu ba, ka ce ba ka sani ba, ka tura mutum gaba. Kada ka kashe wa bawan Allah kariyarsa sannan ka ce masa gata ka yi masa.

Yanzu mafita. Tallafin yau da kullum na 20.04 ya ƙare a watan Mayun 2025, domin shekara biyar ake ba irin waɗannan fitowar masu LTS, wato masu dogon tallafi. Ko ka kunna sabuntawa yau, gyare-gyaren da suka taru zuwa lokacin za ka samu, sai ta tsaya. Akwai Ubuntu Pro, kyauta ne ga kwamfuta har guda 5, yana tsawaita facin tsaro zuwa 2030. Yana da amfani ga wanda ba shi da halin motsawa yanzu, amma ba zai sa waccan manhajar ta shiga ba, don libc6 ɗinka zai ci gaba da zama 2.31.

Hanya ta farko ita ce hawa daki-daki. Ka buɗe "Software & Updates", ka mayar da duba sabuntawa da sanarwar sabuwar fitowa da aka kashe, ka yi `sudo apt update` da `sudo apt full-upgrade`, ka sake kunna na'urar, sannan `sudo do-release-upgrade` ya kai ka 22.04. Daga nan ka maimaita zuwa 24.04. Ba a tsallake ɗaya. Tana aiki, amma saukowa uku ce manya, kuma sau uku kana addu'ar kada wuta ta tafi.

Ni a halinka ba zan bi ta nan ba. Tunda ka kwashe fayilolinka, ka saka 24.04 sabo fil, wanda tallafinsa zai kai 2029. Fayil ɗinsa ya kusa giga 6, ka sauko da shi daga shafin ubuntu.com kaɗai, da datar dare in ta fi maka sauƙi. In a hannun wani ka karɓa, ka buga `sha256sum` a kansa ka gwada lambar da wadda ke shafin. Wannan ba tsanani ba ne. A Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint aka karkatar da masu saukowa zuwa wani gurɓataccen fayil, to ina ga wanda ya zaga filash goma kafin ya iso ka. Idan ka haɗa filash ɗin girkawa da fayil ɗin, ka kunna kwamfutar da shi, kada ka yi saurin danna girkawa. Zaɓi "Try Ubuntu" tukuna, ka jona firinta da sikana, ka buga shafi ɗaya, ka gwada intanet. Kai da abincinka yake kan firinta, nan ne za ka san ko akwai matsalar direba tun tsohon tsarinka yana nan daram. In ƙwaƙwalwar na'urar ba ta kai giga 4 ba, ɗauki Xubuntu ko Lubuntu na 24.04, sun fi sauƙin nauyi, rumbunsu ɗaya ne da Ubuntu.

Ka zaɓi ranar da babu cunkoso, ba lokacin rajistar ɗalibai ba. Tunda ta tebur ce ba batir, ka ɗora ta a kan inbata ko ka tayar da janareto da isasshen mai, kada ka dogara da wutar layi ko da ta wuni. Bayan an gama, duk manhajar da kake so ka fara nemanta a "App Center" ko ta `apt`. Sai in babu ita a can za ka je shafin masu ita na asali, ka ɗauki .deb ɗin da aka rubuta na 24.04 ne, ka saka da `sudo apt install ./` haɗe da sunan fayil ɗin, don ya janyo abin da take buƙata da kansa. In wata rana ya ce maka "Could not get lock", sabuntawar tsaro ce take aiki a bayan fage, ka ba ta mintuna ta gama, kada ka bi masu cewa a goge fayil ɗin kullen.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka ɗage shi: da zarar sabon tsarin ya tashi, ka canja kalmar sirrin imel ɗinka da ta banki da ta duk shafin da ka taɓa shiga da tsohon Firefox ɗin, ka kunna tabbatarwa ta waya a duk inda suka ba da dama. In firintar ta ƙi fitowa a lokacin gwajin, turo min sunanta da lambar samfurinta kafin ka goge komai.