Amsa ga 'yata a kan arba'in ɗin Baba da addu'ar asuba

'Yata,

Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya ta'azantar da mu baki ɗaya. Saƙonki ya same ni ran Talata da daddare, na karanta shi sau biyu, na kwana ina juya shi a rai kafin na zauna ba ki amsa.

Kin ce maƙwabtanki a Kaduna suna ta tambayarki yaushe za a yi arba'in ɗin Baba don su zo su taya ki aiki, kin rasa abin da za ki ce musu. Kina so ki sani ko mu masu bin Almasihu muna da wannan al'ada, ko kuwa laifi ne a yi ta. Can a ƙarshe kuma, a layi ɗaya tak, kin ce tun ranar da aka binne shi bakinki ya kasa addu'a. Wannan layin ne ya hana ni barci. Amma bari in fara da abin da kika fara da shi.

Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in al'adar 'yan'uwanmu Musulmi ce, a cikinsu muka taso muka ga ana yi. A taru a yi wa mamaci addu'a, a raba waina ko gumba. Ko a tsakaninsu ma akwai malaman da ba su yarda da ita ba. Kakanninmu kuwa, can ƙasar Malumfashi, kafin bishara ta iso gidanmu, in tsoho ya mutu giya ake dafawa, a yi kiɗa, a ce ya ci duniya ya ƙoshi. Da iyayenmu suka ba da gaskiya sai suka bar giyar, ba su kuma ɗauki lissafin kwanakin maƙwabta ba. Abin da suka riƙe shi ne zaman makoki. A shimfiɗa tabarmi, maza a ƙofar gida mata a ciki, masu gaisuwa su yi ta zuwa, da yamma fasto ko wani dattijon ikkilisiya ya karanta Maganar Allah, a yi waƙa, a yi addu'a. Kin ga haka aka yi wa Baba.

In kin buɗe Littafi Mai Tsarki ba za ki sami adadi ɗaya da aka ɗora wa kowa ba. Yusufu ya yi wa mahaifinsa Yakubu makoki kwana 7, Masarawa suka yi masa kuka kwana 70. Isra'ilawa sun yi kwana 30 suna makokin Haruna, suka sake yin 30 a kan Musa. Abokan Ayuba kwana 7 suka yi zaune a ƙasa tare da shi, ba wanda ya ce uffan, kuma a ganina wannan shirun shi ne mafi alherin abin da suka yi masa, don da suka buɗe baki sai suka ƙara masa ciwo. Ba inda aka ce ranar kaza wajibi ce, ba kuma inda aka hana mutane su sake taruwa su tuna da nasu.

Inda muka bambanta shi ne dalilin taron. A ikkilisiyarmu ta ECWA ba ma yi wa wanda ya rasu roƙon gafara, domin mun gaskata cewa wanda ya yi barci cikin Almasihu yana hannunsa tun daga wannan sa'a. Ki tuna da Dawuda. Muddin yaronsa na kwance da rai yana azumi yana roƙo, da aka ce yaron ya cika sai ya tashi ya yi wanka, ya shiga ya yi sujada, ya ci abinci, ya ce shi ne zai je wurin yaron, yaron ba zai komo wurinsa ba. 'Yan'uwanmu Katolika suna yi wa matattu addu'a, har suna da ranar 2 ga Nuwamba musamman don haka. Matar kawunki 'yar Katolika ce, ta ba da sunan Baba a majami'arsu, na kuwa yi mata godiya da zuciya ɗaya, don ƙauna ce ta sa ta. Mu dai ba haka aka koya mana ba.

Saboda haka in ku 'ya'yansa kuna so ku taru, ku taru, ko a kwana arba'in ɗin ko a wata Lahadin da kowa zai samu zuwa. Ku kira shi sujadar godiya, ku gaya wa fasto tun da wuri. Ku gode wa Allah da ya ba mu aron mutumin nan shekara 78, ku yi wa mahaifiyarku addu'a, don ita ce za ta koma ɗaki ita kaɗai bayan an watse. Maƙwabtanki kuwa ki gayyace su. Mutanen da suka ce za su zo su taya ki hura wuta ba a ba su amsa da muhawara. Ki ce musu, "Mu godiya muke yi, ku zo mu ci tare." In sun ce Allah ya jiƙansa, ki amsa musu da fara'a ki yi godiya. Abu ɗaya nake roƙonku, kada ku ci bashi. Yanzu an shigo da buga riguna da kalanda da fitar da anko, har a sayar da buhunan masarar da gwauruwa za ta ci a shekara don a yanka sa. Na ga gidan da aka yi haka, watan Yuli bai kama ba suka koma neman rancen hatsi. Shinkafa da zoɓo sun isa.

To, mu dawo kan layin nan na ƙarshe.

Ba ki san wannan ba, don kina goye lokacin. Da maigidana ya rasu, cikin damina ne, gero ya fara fitar da kai, na yi wata uku ban yi addu'a da bakina ba. Ina zuwa sujada, ina ɗaura ɗankwalin Zumuntar Mata, kowa yana cewa ga mai bangaskiya. Amma in na durƙusa na fara "Ubanmu wanda ke cikin sama", ina kaiwa wurin "abin da kake so a yi shi" sai maƙogwarona ya toshe. Ban so abin da ya so ba. Na ji kunyar faɗa wa kowa.

Akwai wata tsohuwa a zumuntarmu, ba ta iya karatu ba, ita ce ta gane. Bayan an tashi daga makoki, masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, sai ta riƙa zuwa kullum da asuba da kwanon kunun tsamiya a lulluɓe da faifai. Ba ta taɓa yi mini wa'azi ba. Ta ajiye kunun, ta zauna a bakin gado, ta miƙo mini Littafin maigidana ta ce, "Idona ba ya gani, karanta mini Zabura ɗaya in ji." Ni kuwa in karanta don kada in ba ta kunya. Ta ce amin, ta ɗauki kwanon jiya ta tafi. Sai da aka yi makonni kafin na lura cewa ba don kanta take sa ni karatun ba. Ran da na kai Zabura 88 na kasa ƙarasawa. Mai Zaburar nan ya yi ta kuka dare da rana, ya ce Allah ya raba shi da abokansa, har ya rufe waƙarsa da duhu, ba ko kalmar yabo a ƙarshe. Na ce ashe an yarda a yi wa Allah magana haka, har a rubuta a cikin Littafinsa. Ranar na yi kukan da ban yi ba ko a bakin kabari, na gaya masa duk abin da ke cikina. Daga ranar bakina ya buɗe.

Saboda haka kada ki jira sai zuciyarki ta so. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, haka ma tsakaninki da Ubangiji. Ki je wurin ko ba ki da abin faɗa.

Babanki ya san wannan tun yana saurayi. Ba shi da agogo a lokacin, ladanin masallacin unguwa ne agogonsa. Da an kira assalatu sai ka ji ya tura ƙyauren ɗakinsa, ya wanke fuska, ya kunna fitilar ƙwai, ya zauna a kan buhun da ya ninke a gindin rumbu in rani ne, in damina ce a zaure. Yakan ce in maƙwabcinsa zai iya barin bargo cikin sanyin hunturu don Allah, shi ba shi da hujjar kwanciya. Ya kuma nuna mini a Markus 1:35 inda Yesu da kansa ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a. Littafinsa tsohon juyi ne, irin wanda aka fara bugawa cikakke da Hausa a 1932, aikin su Dakta Miller na Zariya. Shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa cewa Yahaya ba, Yohanna yake cewa. A bangon baya ya rubuta sunayenku da fensir, kowa da ranarsa. Ke Laraba ce taki. Da kika yi aure ya ƙara sunan mijinki a gefe, da kika haihu ya ƙara na yaran, har rubutun ya gangara ƙasan shafi ya karkace. Addu'arsa ba ta da tsawo, kafin ruwan kunu ya tafasa ya gama. Amma shekara hamsin da wani abu ban san ranar da wurin nan ya kwana ba kowa ba, sai da ciwo ya kwantar da shi.

Ke ma haka za ki fara, da kaɗan. Ki ɗaura addu'ar a jikin abin da ba ya wuce ki kullum. Kina tashi ƙarfe biyar ki ɗora wa yara ruwan wanka, to tsakanin ɗora tukunya da tafasarta naki ne da Allah. Ki sami kujera ɗaya, ita ce kullum. Wayar nan ki bar ta a ɗaki, don na san in kin ce a cikinta za ki karanta, saƙon gaisuwa ne zai fara tare ki, ko hoton Baba da wani ya tura, shi ke nan an tafi. Ki riƙe Littafi na takarda. Ki karanta Zabura ɗaya da murya, yadda kunnenki zai ji. Guda 150 ne, in kina ɗaukar ɗaya kullum za su kai ki wata biyar, ta 119 kuwa mai aya 176 ki rarraba ta, ba tsere ake ba. Wasu za su zo daidai da ranki, wasu za ki karanta kamar kina tauna ƙaiƙayi. Ki karanta duk da haka. Bayan nan ki yi Addu'ar Ubangiji. In kin kai inda na maƙale kika maƙale, ki tsaya nan, ki ce masa kin kasa. Bulus ya rubuta wa Romawa cewa ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne da kansa yake roƙo dominmu da nishe-nishen da baki ba ya iya furtawa. Hawayen da za su zubo a kan shafin ba su ɓata komai ba.

In kwana ɗaya ya kuɓuce miki, ko uku, kada ki ce kin karya alkawari ki watsar. Ba bashi ba ne da za a ce sai kin rama. Gobe ki koma kujerarki. Da dare kuma, kafin yara su kwanta, ki tara su ko minti biyar ne, ku yi waƙa ɗaya daga cikin waɗanda kakansu yake so, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gode wa Allah a kai. In ƙaramar ta tambayi ina Kaka, ki gaya mata gaskiya, ya mutu, yana wurin Yesu, za mu gan shi. Kada ki ce mata ya yi tafiya, za ta yi ta tsaron ƙofa.

Akwai masu ce miki mai bi ba ya kuka. Na ji an faɗa miki haka a wurin jana'iza, raina ya ɓaci ƙwarai, don dai wurin ba na magana ba ne. Bulus bai ce wa Tasalonikawa kada su yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kada su yi irin na marasa bege. Yesu ya san sarai zai ta da Li'azaru, amma da ya ga Maryamu tana kuka shi ma ya zub da hawaye a gaban jama'a. Kuma ki sani abin zai riƙa dawowa. Za ki ji kin warware, sai kaka ta yi, a aiko miki da sabon gero ba daga hannunsa ba, ko ran Kirsimeti ki ɗaga waya za ki kira shi. Ni yau shekara talatin da ɗaya, har yanzu in na ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari sai na nemi wuri na zauna. Ranakun nan su ne za ki gode wa Allah da kina da kujerar da kika saba zuwa.

Mahaifiyarki ta ce Littafin Baba naki ne, 'yan'uwanki ma sun yarda. Bangon ya saki, na ba wani ya ɗinke shi da zare, ban bari an taɓa shafin sunayen ba. Zan taho miki da shi in za mu zo sujadar godiyar, tare da ɗan daddawa da kuka. Kafin nan, ranar Laraba na karɓe ta daga hannunsa. In kin tashi ɗora ruwa, ki san ni ma ina zaune a nan da sunanki a bakina.

Ki gaida maigidan da yara.

Gwaggonki